Za a iya tatsar lantarki daga sarari fanko?

Tambaya: Malam, na ji an ce ko an zuƙe iskar wuri kaf, akwai wani ƙarfi da ke jan faranti biyu na ƙarfe su haɗu. Me ya hana a ƙera injin da zai riƙa ba mu wuta kyauta har abada?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma har yau yana ba ni mamaki. Hendrik Casimir, ɗan ƙasar Holan mai bincike a kamfanin Philips, shi ya gano shi da lissafi a 1948. A ka'idar kwantam, wato ilimin yadda abubuwa mafi ƙanƙanta ke aiki, sarari ba ya taɓa yin tsit, raƙuman lantarki da maganaɗisu na motsi a cikinsa ko babu haske. Dubi tsirkiyar gurmi: da yake an ɗaure ta gaba da baya, wasu sautuka kaɗai take bayarwa. Haka tsakanin farantan, wasu raƙuman kawai ke samun gurbi, a waje kuwa kowane iri na nan. Sai matsin waje ya rinjayi na ciki.

Idan ka rage tazarar zuwa rabi, ƙarfin zai ninka sau 16. A tazarar nanomita 10 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) ya kai kusan nauyin iskar da ke danne mu. Masanin kimiyya Steve Lamoreaux ya auna ƙarfin a Amurka a 1997.

To amma inji ba zai yiwu ba. Ka saki guga cike da ruwa cikin rijiya, igiyar za ta iya juya maka wani abu, sau ɗaya. Kafin ka maimaita sai ka jawo gugan sama da guminka. Farantan ma haka: makamashin da suka ba ka wajen haɗuwa, shi za ka biya wajen raba su, har da ƙarin abin da zafi ya cinye. Sarari fanko shi ne gindin rijiyar, babu wani ƙasa da za a gangara.

Ko tsayar da abu cak a sarari da wannan ƙarfi ma ya faskara. A 2010 masana kimiyya Rahi da Kardar da Emig sun nuna cewa ƙarafa a sarari fanko ba su da daidaitacciyar matsaya, da an ɗan taɓa sai su zame. Masu ƙera ƙananan na'urori sun san wannan sarai, don sassan kan manne wa juna su ƙi rabuwa.