Baffa, ga amsar jan furen nan

Baffa, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Saƙonku ya iso, sai da na yi dariya ni kaɗai. Kun ga hoton jikarku da jan fure a ƙirjin rigar makaranta, kuka ce ko dai mun fara bin al'adar coci ne. A'a wallahi, ku kwantar da hankalinku. Haka Nuwamba take a Ingila: direban bas, ɗan ƙwallo, mai karanta labarai, kusan kowa da furen takardar nan da suke kira popi. Ƙungiyar tsoffin sojoji ce ke sayar da shi tun 1921, kuɗin kuma na taimakonsu ne da iyalansu. Ran 11 ga wata, ƙarfe 11 na safe, sai a yi tsit na minti biyu, don a wannan sa'ar aka tsayar da yaƙin duniya na farko a 1918.

Tambayarku ta biyu ta fi nauyi: ina ruwan 'yar Bahaushe da makokin Turawa? Da ni ma haka na ɗauka, har ranar da ta kawo aikin gida a kan wani mawaƙi, Wilfred Owen. Ba mawaƙin kiɗa ba, mai rubutacciyar waƙa.

Ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, an haife shi a 1893. Yana koyar da Turanci a Faransa yaƙi ya ɓarke, ya dawo gida ya shiga soja a 1915, aka ba shi ƙaramin hafsa a rundunar da ke ɗauke da sunan garinmu, Manchester. Farkon 1917 ya isa fagen daga, cikin ramuka da taɓo da sanyin da ke daskarar da mutum a tsaye. Watanni kaɗan rugugin igwa ya taɓa masa hankali, aka kai shi asibiti a Edinbura. Can ya gamu da wani mawaƙin soja, Siegfried Sassoon, wanda ya nuna masa cewa abin da idonsa ya gani shi ya kamata ya rubuta, ba kirari ba.

Ya kuwa rubuta. Akwai wadda ya siffanta harin iska mai guba: sojoji a gajiye suna jan ƙafa, wasu ba takalmi, aka yi kururuwa kowa ya rufe fuska, ɗaya bai yi sauri ba. Suka jefa shi a keken kaya suna bin sa a baya, suna jin jini na ɓulɓulowa daga huhunsa. A ƙarshe ya ɗauko tsohon kirarin Rumawa da ake koya wa yaran makaranta, wai mutuwa don ƙasa abu ne mai daɗi da daraja, ya ce tsohuwar ƙarya ce. Baffa, ku duba fa: wannan ake karanta wa yara a makarantun gwamnatin da ta tura shi yaƙin. Ina da abin faɗa da yawa a kan Turawan nan, amma wannan kam na sara musu.

Duk da haka bai gudu ba. Ya koma wurin yaransa a 1918, har ya sami lambar jarumta, aka harbe shi ran 4 ga Nuwamba suna ƙoƙarin ƙetare wani ruwa a arewacin Faransa. Saura mako guda cif a daina. Ranar da ƙararrawa ke ta bugawa don murna, ranar saƙon mutuwarsa ya iske mahaifiyarsa. Shekararsa 25, waƙoƙinsa biyar kacal aka buga yana raye.

Mu Hausawan nan ba bakinmu ɗaya ba. Akwai mai sawa don zaman lafiya da abokan aiki. Akwai wanda ya ce shi da furen har abada, tunda sojan da aka tura Iraƙi da Afganistan ma yana cikin masu cin kuɗin, kuma ban ga laifinsa ba. Mukan yi musun bayan sallar Juma'a, a sha shayi, a watse. Yara muna barinsu da zaɓinsu, illa dai muna gaya musu cewa ba Bature kaɗai ya mutu ba. Sojan Najeriya sun yi Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin farko, suka yi Bama, wato ƙasar Burma, a na biyu, kuma Hausa ce harshen bariki. Ai ku ma kuna da irin ranar a gida, 15 ga Janairu.

Jikarku ta ce ba don Sarkin Ingila ta sa ba, don Kaka ne. Ta matsa in tambaye ku: hotonsa na Bama da takardar sallamarsa suna nan a adakar Goggo? In suna nan, don Allah a sa wani yaro ya ɗauka a waya ya turo, tana so ta nuna wa malamarsu.