Tambaya da Amsa: Wanda bai taɓa fita waje ba, a ba shi katin 'yan mazan jiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon saje ne, na yi ritaya, kuma muna da wata 'yar ƙungiya ta tsofaffin sojoji a unguwarmu, muna adashi muna ɗan tallafa wa matan abokanmu da suka rasu. Toh yanzu rigima ta ɓarke, waɗanda suka je Laberiya da Saliyo da Darfur sun ce duk wanda bai taɓa fita aiki ƙasar waje ba kada a ba shi katin cikakken mamba, ya zauna dai a matsayin ɗan rakiya. Ɗaya daga cikinsu yana da ɗa a Amurka, wai yaron ya ce masa haka ake yi a can. Da gaske ne? Kuma kai ya ka gani? Daga wani tsohon saje, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba Saje, Allah ya ƙara lafiya. Yaron bai yi ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba mahaifinsa.

A Amurka manyan ƙungiyoyin 'yan mazan jiya guda biyu ne aka fi sani. Akwai VFW, wato ta waɗanda suka yi yaƙi a ƙasashen waje, asalinta tun 1899 ne bayan yaƙin Amurka da Sifaniya. Ita kam sai ka kawo takardar sallamarka an duba, ko dai kana da lambar yabo ta wani fagen daga na waje, ko an taɓa biyanka alawus ɗin shiga wuta, ko ka yi kwana 30 a jere a Koriya. Kuma fita wajen ma kaɗai ba ta isa ba fa, mutum zai iya shafe shekaru a barikin Jamus lokacin zaman lafiya kuma galibi bai cancanta ba. Sai ɗayar, American Legion, da aka kafa a Paris a 1919, ita ba ruwanta da ko ka taɓa hawa jirgi, ada dai sharaɗinta shi ne ka yi aiki a lokacin da ƙasar ke cikin yaƙi, sai a Yulin 2019 aka sa hannu a wata doka da ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya yi aikin soja ko na kwana ɗaya ne tun daga 7 ga Disamban 1941, in dai an sallame shi da mutunci. A Ingila ma Royal British Legion, wadda aka kafa a 1921, ko farar hula yana iya yankar kati.

Kenan wanda VFW ta ce masa a'a yana da wata ƙofar a gaba, sau da yawa ma a gari ɗaya. Shi ya sa ni ban ga laifinsu ba. Kamar ƙungiyar alhazai ce, wanda bai je Makka ba ba zai ji haushi don ba a sa sunansa ba, amma ba wanda zai hana shi sahu a masallacin unguwa saboda haka. Kuma masu riƙe da sharaɗin suna da hujja, mutumin da aka harbe abokinsa a gabansa akwai maganar da ba zai iya yi ba sai da wanda ya ga irin abun, wannan gaskiya ce, ba girman kai ba ne.

Amma ko a can ɗin gardamar ba ta mutu ba, saboda yaƙin ne ya canza kama. A lokacin yaƙin Afghanistan akwai sojojin da ke zaune a wani sansani a jihar Nevada suna tuƙa jirgi marar matuƙi a kan Afghanistan ɗin, su ga gawarwaki a allon kwamfuta da rana su koma gida su ci abincin dare da yaransu. Akwai na sansanin Dover a jihar Delaware, inda ake sauke gawarwakin sojoji, aikinsu kenan buɗe akwati da gyara gawa da goge maɓallan kakin da za a binne mutum da shi. Ka ce min waɗannan ba su san yaƙi ba? Ga kuma matsalar mambobi, VFW ta haura miliyan biyu a farkon shekarun 1990, yau ta ragu sosai, tsofaffin Koriya da Vietnam suna ta tafiya, matasan kuma ba sa zuwa zaman.

Toh mu dawo kanku Baba, don taku ta bambanta. Ban raina 'yan ECOMOG ba wallahi, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka sauka Monrovia ta Laberiya a Agustan 1990 sun ga tashin hankali, haka waɗanda aka kai wa hari a Haskanita ta Darfur a 2007, kuma kafin su ga kakanninmu 'yan Bama, wato waɗanda suka je Burma a yaƙin duniya na biyu. Amma fa manyan yaƙoƙin sojan Najeriya a cikin gida aka yi su. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ƙarshensa ne ma ya sa ake ranar tunawa da 'yan mazan jiya a 15 ga Janairu, ba wanda ya nemi fasfo don zuwa. Yaron da ya kwana a rami a Baga ko Metele ko dajin Sambisa yana jin ƙarar motar 'yan Boko Haram da asuba, da wannan dokar taku ɗan rakiya ne, alhali wani da ya je aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna a sito yana ƙirga buhun shinkafa ana biyansa da dala shi ne cikakken mamba. Haba.

Kuma kun fi ni sani, soja ba ya zaɓen inda za a tura shi, sigina ce ke fitowa da sunanka ko babu sunanka, kuma kowa a bariki ya san yadda ake rububin shiga jerin masu fita waje saboda alawus. Makanike da direba da nas ɗin asibitin soja da malamin Depot na Zariya da ya horar da waɗanda suka tafi, duk rantsuwa ɗaya suka yi.

Tunda aikin ƙungiyarku adashi ne da zawarawa da bin sawun fansho da giratuti, ku karɓi duk mai takardar sallama ta gaskiya, kuɗin wata ɗaya, ƙuri'a ɗaya. Takardar kam ku duba ta da kyau, sojan gona ya yi yawa. Su kuma 'yan Laberiya da Darfur ku ware musu zama nasu ko sau ɗaya a wata su yi hirarsu ba mai sa musu baki, sai dai asusun ya zama ɗaya, kuma ku rubuta hakan a kundin ƙungiya kafin zaɓen shugabanni na gaba.