SSD za ta farfaɗo da tsohuwar HP ɗina, ko in haƙura in tara kuɗin wata?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof HP EliteBook 8470p, ta hannu ce yayana ya saya min tun ina aji ɗaya a jami'a. Core i5 ce, RAM 4GB, faifan ajiya 500GB, tana kan Windows 10. Yanzu in na kunna ta har ruwan shayi ya tafasa ba ta gama buɗewa ba, in kuwa na haɗa Word da Chrome sai ta ƙame. Ga shi ina tsakiyar rubuta furojet. Wani mai gyara ya ce in sa mata SSD, ƙawata kuma ta ce asarar kuɗi ce, wai tsohuwa ba ta komawa budurwa. Maganar wa zan bi? In na canza, takarduna da hotunana sun tafi ke nan?

Wata ɗaliba, Samaru, Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki bi maganar mai gyaran. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba cewa na'urar ta kwana biyu, a 2012 aka fito da irinta, sai dai ba tsufan ne yake damun ki ba. Firosesan da ke cikinta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukanta, har gobe yana iya ɗaukar Word da Excel da Chrome ba tare da ya yi gumi ba. Faifan ajiyar ne yake riƙe masa ƙafa.

Wancan faifan, wanda masu gyara ke kira HDD, faranti ne na gaske a cikin ɗan akwatin ƙarfe, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wani ɗan hannu da yake kai-komo a kansa yana neman inda aka rubuta abu. Duk lokacin da aka nemi wani fayil, sai hannun ya tafi wurin, ya jira farantin ya zagayo. Wannan kan ci wajen kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Kamar ba komai ba, amma Windows in za ta tashi dubban ƙananan fayiloli take kira, kuma a warwatse suke. Ki ɗauka shagon ɗinki ne mai teloli huɗu masu zafin nama, amma yaro ɗaya ne ke kawo musu zare da maɓalli, shi ma ɗai-ɗai yake ɗaukowa daga sito. SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya, ba ta da faranti ba ta da hannu, ƙwayoyin lantarki ne irin na filas, kuma kafin tsohon faifai ya lalubo abu ɗaya ta lalubo kusan ɗari. Shi ya sa kwamfutar da ke cin minti uku ko huɗu kafin ta buɗe takan dawo ƙasa da rabin minti.

Kafin ki fitar da ko sisi, ki tabbatar da ciwon da kanki. Lokacin da ta fara nauyin nan, ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ki shiga Performance. In kin ga Disk ya manne a 100% alhali CPU, wato firosesan, yana ƙasa yana hutawa, to magana ta ƙare, faifan ne. In kuwa CPU ne ya cika, fanka tana ihu, ƙasan na'urar ya yi zafin da ba ya ɗoruwa a cinya, wannan wata cuta ce daban: ƙurar hunturu ta toshe mafitar iska, man da ke kan firosesa ya bushe. A hure ta, a sake mata mai. Galibin tsofaffin da ake kawo min duka biyun ne ke damun su.

Wajen saye ne mutane suka fi yin tuntuɓe. Ki ce a ba ki SSD mai inci 2.5, SATA (sunan irin ramin da ake jona ta ke nan). Ki riƙe waɗannan kalmomin, domin akwai wata siririya mai kama da sandar cingam da ake kira M.2 ko NVMe, ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma mai shago zai yi ta yaba miki ita, amma taki na'urar ba ta da ramin da za ta shiga. Hanyar SATA iyakar abin da take wucewa da shi wajen 550MB ne a daƙiƙa, kuma kusan duk SSD ta kirki tana kaiwa nan, don haka kada ki ƙara kuɗi a kan lambobin da aka rubuta a kwali. Game da girma, 128GB ƙarama ce, Windows da Office da 'yan bidiyon biki za su cika ta kafin ki ankara, SSD kuma in ta cika maƙil nauyi take yi. 256GB ta wadatar in aljihu ya yi ƙunci, amma ni 480GB ko 512GB zan ce, ki riƙa barin wajen kashi ɗaya cikin biyar babu komai. Farashi yana bin dala, sai ki taya a shago biyu ko uku. Sunayen da aka sani su ne irin su Samsung 870 EVO, Crucial MX500, WD Blue da Kingston A400.

Sai dai suna a jikin kwali ba shaida ba ne. Kwanakin baya wani malamin makaranta ya kawo min wadda ya saya da murnarsa, an rubuta 1TB, a kuɗin da bai kai na 256GB ba. Windows ma 1TB take nunawa. Da ya zuba mata kaya suka wuce wani adadi, sai tsofaffin fayilolinsa suka fara ƙin buɗewa. Na ɓare murfin robar, na tarar da ɗan allo bai fi akwatin ashana ba, sauran duk iska. An yi mata dabara ne ta riƙa faɗin girman da ba ta da shi, sababbin kaya suna hawa kan tsofaffi. Araha ba ta ado. In kin saya, ki karɓi rasit, ki nemi a gwada miki ita da wata manhaja kyauta mai suna H2testw, wadda take cika ta da bayanai sannan ta karanto su ta ga ko girman na gaskiya ne. CrystalDiskInfo kuma za ta nuna miki awa nawa ta yi tana aiki, ta nan ake kama tsohuwar da aka goge aka mayar kwali.

Takardunki da hotunanki ba za su tafi ko'ina ba, suna nan a tsohon faifan, cire shi kawai za a yi. Duk da haka, kafin sukundireba ya taɓa na'urar, ki kwafe furojet ɗinki da duk abin da ba za ki iya jure rasawa ba zuwa filas. Faifan da ya shekara goma yana aiki bai da tabbas.

Hanya biyu ce ake komawa sabuwar. Ko dai a kwafe tsohon faifan ɗungurungum zuwa SSD ta wayar USB, yadda za ki kunna ki tarar da komai a inda kika bar shi, ko kuma a zuba sabuwar Windows. Ta farkon tana da daɗi in akwai manhajar da ba ki da hanyar sake samu, kamar SPSS ɗin da aka sa miki a sashenku, amma sai abin da ke cikin tsohon ya kasance zai shiga sabuwar, kuma duk tarkacen shekaru, har da ƙwayar cuta in akwai, tare za su tare a sabon gida. In faifan ya fara lalacewa ma kwafin kan tsaya a rabi. Ni na fi son sabuwar Windows. Wani filas daban mai 8GB ya isa, a ɗora masa Windows ɗin da manhajar Microsoft mai suna Media Creation Tool. In Windows ɗinki mai lasisi ce, da zarar kin hau intanet za ta gane na'urar ta kunna lasisin da kanta, muddin irin wadda kike da ita aka zuba, Pro a madadin Pro. Ki tuna da kalmomin sirrinki na Gmail da sauransu tukuna, mutane da yawa sai an gama suke gane Chrome ne yake riƙe musu.

Aikin hannun kansa bai kai minti ashirin ba, kuma wannan samfurin yana cikin masu sauƙin buɗewa: a kashe, a zare caja, a cire batir, a ja sakatar ƙasa murfin ya zame. Faifan yana cikin wani ɗan firam da sukurori huɗu suka riƙe, a kwance shi a ɗaura SSD a gurbinsa. SSD kaurinta 7mm ne, tsohon faifan wataƙila 9.5mm, amma sukurorin za su riƙe ta. Mai aikin ya taɓa ƙarfe kafin ya sa hannu, musamman a lokacin sanyi da jiki ke tara lantarki. Bayan an rufe, a danna F10 a shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar, a duba cewa SATA tana kan zaɓin da aka rubuta AHCI, sannan F9 a zaɓi filas ɗin da Windows take ciki.

Tsohon faifan kuwa, ki karɓi abinki a hannu kafin ki bar shagon, ko da an ce za a rage miki kuɗi in kin bar shi. Hotunanki da na 'yan gidanku suna ciki, kuma fomatin na gaggawa ba ya goge su, akwai manhajojin da ke dawo da su. Ki saya masa ɗan akwatin USB ya zama wurin ajiyarki na waje.

In da sauran canji, ki ƙara RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, ta kai 8GB. Irin da ake kira DDR3 ce ta laftof, na'urar rami biyu gare ta, tana ɗaukar har 16GB. Da 4GB, Chrome kaɗai yana iya cinye wurin, sai Windows ta koma aron wuri a faifai.

Akwai abin da SSD ba za ta yi miki ba. Ba za ta tayar da mataccen batir ba, ba za ta ƙara wa intanet gudu ba, kuma ba za ta sa na'urar ta cancanci Windows 11 ba, domin Microsoft ta ce sai firosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama, tare da wata ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0, naki kuwa na ƙarni na 3 ne. Tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ba wai za ta daina aiki ba ne, amma ki yi hattara da abin da kike saukewa da filas ɗin da kike sokawa daga shagunan buga takardu. Bayan kin kare furojet, in duk aikinki rubutu ne da intanet, Linux Mint, wadda ake zubawa a madadin Windows, tana tafiya lafiya lau a irin wannan na'ura, kuma kyauta ce.

Za ki ji ana cewa SSD ƙarewa take yi da yawan rubutu. Gaskiya ne, amma ki yi lissafi: Samsung ta ba 870 EVO mai 500GB garantin rubutu har 300TB. Ko kullum kina rubuta 20GB, sai kin haura shekara arba'in kafin ki kai nan. Abin da ya fi wannan shi ne yadda take mutuwa. Tsohon faifai yakan yi ta ƙas-ƙas yana ba ki sanarwa, ita kuwa in ta tashi tafiya ba ta sallama, kuma ciro kaya daga cikinta ya fi wuya. Saboda haka kowane babi kika gama, ki tura shi Google Drive a daren, akwai 15GB kyauta tare da Gmail ɗinki. Allah Ya ba da sa'ar furojet.