Tsakanin Kiran Salla da Salla

Ɗana,

Saƙonka ya iso ni bayan sallar isha'i, kuma na yi farin ciki ƙwarai da jin cewa iyalinka ta sauka lafiya. Allah Ya raya, Ya ba mai jego lafiya. Farkon tambayarka ya sa ni murmushi, inda ka ce mene ne amfanin yi wa jariri huɗuba a kunne alhali ko mahaifiyarsa bai gama ganewa ba. Amma da na kai ƙarshenta, inda ka ce wani lokaci kana duban yaron sai ka rasa dalilin kawo shi duniyar da ake shan wahala a cikinta sannan a mutu, sai murmushin ya ɗauke, har barci ya ƙaurace mini. Bai kamata irin wannan tunani ya kwana a ran wanda Allah Ya yi wa kyautar ɗan fari shi kaɗai ba, don haka ka kyauta da ka faɗa mini.

A shekarar 1973, wadda aka daina kashe fam da sule aka koma naira, damina ta gaza a ƙasarmu. Ina ɗan shekara goma sha huɗu a lokacin, muna zaune da mahaifinka a gidan kakanmu, wanda shi ne limamin ƙauyenmu da ke kusa da Jibiya. Gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, kuma kafin bazara ta kama, mutane suka fara gangarowa daga wajen Maraɗi da abin da ke arewa da ita, Hausawa da Fulani da Buzaye, waɗansu sun baro shanunsu da raƙumansu matattu a hanya. Na ga mata suna tona gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi, na kuma ga ana jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita a samu abin sa wa a baki.

Wani ayari na mutum kamar goma ya sauka a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, a cikinsu akwai wani tsoho da ba ya iya miƙewa sai an tallafe shi, da wata yarinya mai tsohon ciki wadda mijinta ya yi kudu neman aiki. Kakarmu, da yake ungozoma ce, ta shigar da yarinyar ɗakinta. Wata ranar Alhamis da asuba ta haifi ɗa namiji, ƙarami ƙwarai, kukansa ma da kyar ake ji. Bayan an yanke cibi an yi masa wanka, aka miƙo shi zaure a cikin tsumma, ni kuma ina riƙe da fitilar ƙwai. Malam, wato kakan namu, ya karɓe shi da hannu biyu, ya sunkuya ya yi masa kiran salla a kunnen dama da iƙama a kunnen hagu, a hankali, da irin natsuwar da yake jan sallar Idi da ita. Daga nan ya ciro dabino guda ɗaya daga aljihunsa, ya tauna, ya shafa masa a dasashi.

Kafin hantsi ya dubi ludayi, tsohon nan na gindin tsamiya ya cika. Babu wanda ya san danginsa a garin, amma Malam ya aika aka kira mutane, ya ɗauko farin yadin da ya ajiye don likkafanin kansa ya bayar, mu samari kuma muka ɗauki diga da fartanya muka nufi maƙabarta. Ƙasa ta yi tauri kamar dutse, ga yunwa, sai da muka yi ta karɓa-karɓa kafin kabarin ya haƙu. Bayan azahar aka ajiye makara, muka yi sahu, Malam ya yi kabbara huɗu, babu ruku'u babu sujada, aka sallame aka kai shi makwancinsa.

A hanyar dawowa na tambayi Malam dalilin da ya sa ba a yi wa wannan salla kira ko iƙama ba. Ya ce da ni, an riga an kira masa ita tun ranar da aka haife shi, kamar yadda ka ga na yi wa wancan yaro da asuba. Duk abin da ake kira rayuwa, ɗan jiran da ke tsakanin kiran salla da tayar da ita ne. Sannan ya ce mai hankali in ya ji kira alwala yake yi, ba ya tsayawa musu a kan tsawon jiran. Ya ce shi ma haka ya ji daga nasa malamin.

Abin da ya fi zama a raina shi ne ranar suna. Babu rago a gidan, sai akuya ɗaya tak da ta rage mana, ita Malam ya sa aka kama. Kakarmu ta tuna masa cewa yaron ba jininmu ba ne, ga kuma yara a gida, sai ya amsa mata da cewa bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci, kuma ba za a ce ɗan Musulmi ya kwana bakwai a gidansa ba a raɗa masa suna ba. Wanzami ya yi aski bai karɓi ko kwabo ba. Aka ɗebi kaɗan daga geron iri aka dama kunu, kowa ya samu ludayi biyu ko uku, baƙi da 'yan gari, kuma a ranar ce na fara ganin mahaifiyar yaron ta yi dariya. Da damina ta sauka suka koma arewa, ba mu sake jin labarinsu ba.

Malam yakan karanta mana aya ta 56 a Suratuz Zariyat, inda Allah Ya ce bai halicci aljanu da mutane ba sai don su bauta maSa, amma yakan ƙara da cewa haƙa kabarin baƙo bauta ce, dama wa mai jego kunu ma bauta ce. Malamai sun yi saɓani a kan ƙarfin hadisin kiran salla a kunnen jariri, kuma ban hana ka tambayar masana ba. Abin da ke damuna daban ne. Yanzu sai a ɗauki hoton jariri a watsa a WhatsApp tun kafin a ambaci sunan Allah a kunnensa, a ci bashi don ankon suna, amma idan maƙwabci ya rasu sai a tura gaisuwa ta waya. Iyayenmu sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ina ganin wanda bai taɓa riƙe makara ba, bai taɓa zama a zaure ana miƙo jariri ba, shi ne tunani irin naka ya fi samu a keɓe. Mu ma da laifinmu, domin mun tura ku birni karatu ba mu zaunar da ku mun ba ku waɗannan labarai ba.

Kada ka wakilta kowa, kai da kanka za ka yi wa ɗanka huɗuba, ko da an riga an yi masa a asibiti, kuma ka yi ta a hankali yadda kai ma za ka ji kalmomin. Na ba ƙanenka dabino ya taho maka da shi. In Allah Ya kai mu, zan iso kwana ɗaya kafin suna, mu zauna bayan isha'i ka sake yi mini tambayar ido da ido. Ka gaishe mini da mai jego da iyayenta.

Baffanka.