Amsa ga mai tambaya kan kafa tutocin wasan bin taswira

Assalamu alaikum. Malam, ka ce an ɗora maka shirya wa 'yan sikawut wasan bin taswira a filin bayan makarantarku, kana tambayar inda za ka ɓoye tutocin. Na daɗe ina shirya wa yara wannan wasa a wajejen Birnin Kudu, ga abin da na gani.

Ka cire maganar ɓoyewa daga ranka. Ba tutar yaro yake nema ba, wurin da taswira ta nuna yake nema: gindin kuka, suri, mahaɗar hanya, bayan wani dutse. Da zarar ya karanta daidai ya iso, dole idonsa ya faɗa kanta. In ka cusa ta cikin sabara, abin ya koma sa'a, wanda ya yi ƙoƙari ya tashi a tutar babu. Shi ya sa ake yin ta da fuska uku, kowace santimita 30 tsawo da faɗi, an raba ta a karkace, rabi fari rabi ruwan lemo. Kowane tela zai ɗinka maka, sai ka sa mata waya ta tsaya.

Inda aka fi zamewa shi ne a kafa tuta a wurin da ba shi aka zagaye a taswira ba. Ya taɓa faruwa da ni. Tsamiya biyu ne a bakin burtali, tsakaninsu bai fi taku hamsin ba. Na zagaye ta gabas a takarda, da magariba cikin sauri na ɗaura tutar a ta yamma. Washegari wani yaro mai natsuwa ya tsaya a gindin ta gabas yana juya kamfas, abin nuna arewa, yana duba takarda, idonsa ya ciko. Shi ke da gaskiya. Har yau abin yana damuna, domin ranar na koya masa kada ya yarda da karatunsa. Tun daga nan, kwana biyu kafin wasa nake ɗaura ƙyalle a kowane wuri, in ba wani malami taswirar ya bi shi kaɗai. In ya yi gardama a kan wuri, na canza shi.

A filin makaranta ma'aunin 1:4,000 ya isa, wato santimita 1 a takarda mita 40 ne a ƙasa. A taswira, mafari alama ce mai kusurwa uku, kowace tuta da'ira, ƙarshe da'ira biyu. Lambar jikin tuta a ƙa'ida daga 31 take farawa, don kada ta rikice da lambar jerin tutoci (1, 2, 3) da ke taswira. Ga sababbi, tuta shida zuwa takwas a kan hanya ko shinge sun wadatar. In babu abin huda kati, wanda yaro ke huda katinsa da shi don shaidar ya iso, rataya biro mai launi daban a kowace ya yi alama da shi.

Wasan nan daga Suwidin da Norwe ya fito a ƙarshen ƙarni na 19, inda daji ya yi yawa. Mu kuwa kusan ko'ina gonar wani ce. Saboda haka ka jira bayan kaka, an kwashe gero da dawa da wake. Kuma don Allah ka fara zuwa wajen mai unguwa, tutar na hannunka. Wata shekara wani dattijo ya wayi gari ya ga tuta a gefen gonarsa, ya ɗauka masu awo ne suka zo karɓe masa ita. Ya cire ta, ya zo makaranta jikinsa na rawa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Yanzu da kaina nake bin masu gonakin, makiyaya ma ina gaya musu.

Ka nisanci maƙabarta, kududdufi, rijiya marar murfi da titin mota, ka kuma duba karangiya, don yawancin yara da silifa suke zuwa. Tutar ta kai ƙugu saboda awaki, kuma da asubar ranar za a kafa ta. Sallami yaran bibbiyu, minti biyu tsakani, kowane rukuni da usur, a gama kafin rana ta take. Rubuta sunan duk wanda ya fita, kada kowa ya kwashe tuta sai na ƙarshe ya dawo.

Turo mini zanen filin naku in duba. Allah ya taimaka.