Mannewar Kayan Ciki Bayan Tiyata: Ana Iya Kauce Mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Sau biyu ana ciro mini jariri ta hanyar tiyata, kuma a na biyun aka shaida mini cewa hanjina ya manne da bangon cikina. Yanzu ina ɗauke da juna biyu, shin ɗaure ciki ko gashi da ruwan zafi zai hana hakan sake faruwa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Kayan cikin mutum suna lulluɓe ne da wani tantani mai santsi, kuma idan wuƙa ta taɓa shi, jiki yakan fitar da wani abu mai danƙo domin ya rufe raunin. Idan danƙon bai narke ba a cikin kwana 5 zuwa 7 na farko, sai ya rikiɗe ya zama tabo mai kama da zare, ya haɗe gaɓoɓin da ya kamata su kasance a rabe. Wannan yakan sami kusan mutum 9 cikin 10 da aka buɗe wa ciki, ko da yake yawancinsu ba sa jin wata damuwa har abada.

Ɗaure ciki da gashi ba sa isa inda mannewar take, kuma ina roƙon ki kada a gasa miki wurin ɗinki. Rigakafin gaskiya yana hannun likitan fiɗa ne a lokacin aikin, wato ya riƙa taɓa hanji a hankali, ya tsayar da jini sarai, ya hana kayan ciki bushewa, ya kuma guji safar hannu mai hoda, wadda Amurka ta haramta tun 2017. Akwai kuma siririn tantani irin su Seprafilm da Interceed, wanda ake shimfiɗawa kafin a rufe ciki ya narke da kansa. Yana rage mannewa, amma ba ya kawar da ita gaba ɗaya, kuma yana da tsada.

Naki aikin shi ne ki sanar da likitanki tun a awon ciki abin da aka gani a wancan karo, domin sikanin bai cika nuna mannewa ba, ta yadda za a tsara ranar aikin a babban asibiti maimakon a yi shi cikin gaggawa bayan naƙuda ta yi nisa.

Abin da ya fi damuna shi ne toshewar hanji, wadda kan iya tasowa ko bayan shekaru da yawa. Idan kika ji murɗawar ciki mai tsanani tare da amai da kumburi, kuma bayan gida da tusa suka tsaya, kada ki sha maganin wankin ciki ko jiƙo, a kai ki asibiti nan take, ki kuma faɗa musu cewa an taɓa yi miki tiyata.