Fitila ɗaya ta ishe ka farawa

Ɗana, ka ce ka share zauren gidanku a unguwar Zariya a nan Maraɗi za ka fara ɗaukar hoto, kana tambaya ko ka sayi ƙananan fitilu uku masu araha ko babba guda. Sayi guda, mai kyau.

Ka nemi ta LED wadda aka rubuta 5500K a kwalinta, wato launin hasken rana, kuma lambar CRI ɗinta ta kai 95. Wannan lamba ce ke nuna ko fitila za ta fito da launi yadda yake. Masu arahar nan sukan ja fatar mutum ta yi kore-kore, amarya ta zo da lallenta da atamfarta, ka miƙa mata hoton da ranta bai so ba. Fitilar halojin kuwa ka bar ta. A Afrilu zafin Maraɗi kan haura digiri 40, in ka kunna ta a zaure, kwalliya ta narke tun ba ka saita kyamara ba.

Inda aikin yake shi ne faɗin haske. Ƙwai tsirara yana dukan goshi da hanci su yi ta ƙyalli, sauran fuskar ta nutse, kuma a baƙar fata irin tamu abin ya fi fitowa. Sa wa fitilar farar lema, ka ajiye ta a gefe, sama da ido kaɗan, kamar mita ɗaya da rabi daga mutum. Iya matsowarta, iya laushin inuwa. In ka ninka nisan, rubu'in hasken ne kawai zai iso fuska. A ɗaya gefen ka jingina farin kwali ya riƙa mayar da haske. Ni na yi shekaru da allon katako da na shafa wa farin fenti.

Ranar Salla farar shadda za ta yi maka yawa. Ka auna haske a fuska, sannan ka duba aikin wuyan riga. In zaren ya ɓace, ɗaga kan fitilar kaɗan.

Kashe ƙwan zauren lokacin ɗauka, don kada launi biyu su gauraya. In ka ga ratsi-ratsi a hoto, wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, sai ka sa saurin kyamara a 1/50 ko 1/100. Kuma ka zaɓi fitila mai karɓar batir, saboda ɗaukewar wuta.

Jibi ka biyo ta shago mu je babbar kasuwa tare, a kunna mana ita mu gwada a bayan hannunka kafin ka biya.